An Ɗauke Wuta, Keke Bai Tsaya Ba

A ƙarshen watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewacin Nijeriya sun yi fiye da mako guda cikin duhu. An lalata babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ake lallaɓawa da shi ta Binuwai zuwa Jos shi ma ya faɗi. Masu ƙanƙara suka rufe firji, masu walda suka yi zugum, injinan casar shinkafa suka yi tsit, masu cajin waya kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Kafin nan, a watan Agustan 2023, mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗana irin wannan, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Wutar nan ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke amfani da shi, kuma ba a mayar da ita ba sai a watan Maris na 2024. A duk tsawon waɗannan kwanaki an yi suna, an ɗaura aure, an yi jana'iza, kuma jariri da amarya da mamaci kowa ya sami abin da aka ɗinka masa. Teloli sun ji jiki, musamman masu injin surfani, amma ɗinki bai tsaya ba. Dalili kuwa shi ne an gina wannan sana'a a ƙasar Hausa a kan hasken rana da ƙafa da yatsa. Lantarki ya zo ya tarar da ita a tsaye, kuma har gobe kusan kowane mataki na aikin yana da hanyar da ake bi a yi shi in babu wuta. A ganina wannan tsari dukiya ce da ya kamata a riƙe da gangan, domin ya fara zubewa ta gefen da ba a kula da shi ba.

A shekarar 1851 Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya shiga Kano, ya kuma rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ɗinka a birnin da ƙauyukansa suna kaiwa har Murzuk da Tarabulus ta arewa, da Timbuktu ta yamma. A wannan shekarar ce Isaac Singer ya sami takardar mallakar fasahar kekensa a Amurka. Ke nan lokacin da keken ɗinki ke jariri a can, Kano ta daɗe tana tufatar da babban yanki na Afirka da allura zalla. Aikin allurar kuma ya fi yadda mutumin yau zai zata, domin masaƙar maza ba ta fitar da yadi mai faɗi. Siririn ƙyalle take fitarwa, wani faɗin tafin hannu, wani kuwa, irin na rawani ɗan Kura da Buzaye ke naɗawa, ɗan siriri ne ƙwarai. Kafin a ce ga riga ko ga rawani, sai an jera waɗannan ƙyallaye an haɗa su baki da baki, gommai a tufa guda. Aikin da ya kai haka yawa mutum ɗaya ba ya gama shi, don haka aka rarraba shi hannu-hannu, gida-gida, unguwa-unguwa. Wannan rarrabuwar ita ce ta tsira har yau, bayan masaƙa ta ja baya shadda ta maye gurbinta, kuma ita ce ta sa ɗaukewar wuta a wuri guda ba ta tsayar da riga.

A dubi yadda babbar riga ta aikin hannu ke tafiya a birnin Zariya ko Kano. Mai yanka ya yanka ya harhaɗa jikin. Daga nan sai mai zane, wanda zai shimfiɗa ƙyallen ya fitar da aska biyu ko aska takwas, ya zagaya tambari, ya tsara gidan biyar, duk da alƙalami da tawada, yawanci ba tare da ya duba wata takarda ba. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ya kuma yi shekaru yana nazarin ɗinkin Hausa, ya nuna irin kusancin wannan aiki da makarantar allo: da yawa daga masu zane malamai ne, da yawa daga masu cike zanen kuma almajirai ne da ke neman na abinci tsakanin karatun safe da na yamma. Mai aiki yakan ɗora ƙyallen a gwiwa ya tamke shi da hannun hagu, ya huda ƙaramar kafa, ya bi bakinta da zare zagaye har ta zama ɗan ido, sannan ya matsa ya huda ta kusa da ita. Dubban irin waɗannan idanu ne ke cika aljihun riga ɗaya. Shi aljihun ma sau da yawa daban ake aikinsa, sai an gama a ɗora shi a jikin rigar, don haka riga guda tana iya kwana a gida biyu ko uku a dare ɗaya. A rigunan da, zaren tsamiya ake sa wa aikin, wato silikin da ake samu daga saƙar wata tsutsar daji, a yi wa gindin rigar shafi da jan alharinin da fatake ke kawowa daga Tarabulus. In an gama, mabuga za a kai ta. A ninke ta a kan gungume, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna, suna sauke mata gudumar itace bi da bi har ta kwanta ta yi sheƙi. Daga almakashi zuwa guduma babu inda aka nemi soket.

Ɗinkin da ake cusa auduga tsakanin ƙyalle biyu a bi shi da zare, wanda wasu ke ɗauka sana'ar matan Turawa ce ta yin bargo, shi ma yana da tsohon gida a nan, sai dai a wurinmu fagen yaƙi ya fi yi wa hidima. Shi ne lifidi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Yadda ake yin sa bai sauya sosai ba. A shimfiɗa ƙyalle mai kauri, a baza audugar rimi a kai, a rufe da wani ƙyallen, sannan a bi da babbar allura layi-layi ana ratsa duka ukun, kowane layi kusa da ɗan'uwansa. Hikimar tana cikin layukan nan. Audugar rimi santsi gare ta, ba ta kama juna, in aka bar ta sakaka sai ta gangara ta taru a gindi, sama ta zama fanko. Ɗinkin ne ke tsare ta ɗaki-ɗaki, ya matse ta har kibiya ta shiga ta rasa ƙarfi kafin ta kai fata. Saman kuwa akan yi shi da yanka-yankan ƙyalle masu launi, ja da baƙi da fari da rawaya, a jera su kusurwa-kusurwa, shi ya sa ake hango dokin lifidi tun daga nesa. Irin wannan sutura ta dawaki ta yaɗu daga ƙasar Hausa zuwa Barno da Bagarmi har Sudan, kuma rauninta ɗaya ne a ko'ina, wato wuta, domin audugar rimi ba ta da haƙuri da tartsatsi. Yaƙin dawaki ya wuce, amma ’yan lifida suna nan a hawan Sallah, kuma hawan Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a watan Disamban 2024. Duk lifidin da ya fito a Hawan Daushe akwai hannun da ya ɗinka shi ko ya yi masa faci. Ƙanensa na cikin gida kuma shi ne katifar rimi da matashi, waɗanda masu yi ke cusawa su ɗaure da basilla, da kuma shimfiɗar da mata ke harhaɗawa daga ragowar ƙyallayen da tela ya share daga ƙarƙashin kekensa.

Mata sun shigo aikin riga ne daga baya. Binciken Elisha Renne a birnin Zariya ya nuna cewa tun wajajen shekarun 1970, da maza suka riƙa komawa ɗinkin inji da aikin albashi, matan aure suka karɓi aikin hannu na manyan riguna, suna yi a cikin gidajensu. Ɗinkin hula kuwa, zanna bukar da ƙube da damanga da sauransu, ya zama abin da ake gani a hannun mata da ’yan mata daga Maiduguri har Sakkwato. Abin da ya sa aikin ya zauna da su a fili yake: ba ya son jari sai allura da zare, ana ajiye shi a duba tukunya a dawo a ɗauka, kuma tsakar gidan Bahaushe a buɗe take ga rana. Macen da ke cike hula a inuwar ɗaki bayan azahar sau da yawa ba ta ma san an ɗauke wuta ba sai ta ji fanka ta yi shiru.

Keken ɗinki ya bazu ne a zamanin Turawa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kantuna suka cika da kayan waje, kuma wanda ya bazun na ƙafa ne da na hannu. Singer ya fara suna, daga baya Butterfly na ƙasar Sin, wanda aka ƙera a kan samfurin tsohon Singer, ya mamaye shaguna saboda araha da sauƙin kayan gyara. Yana da kyau a tsaya a kalli abin nan da ido, domin sabo ya sa ba a ganinsa. Tela ya ɗora ƙafa biyu a kan faranti, ɗaya gaba ɗaya baya kaɗan. Ya tura ƙaramar taya da tafin hannun dama ta juyo wajensa, ƙafa ta karɓa. Farantin na lilo, sandar ƙarfe na juya babbar tayar da ke ƙasa, bel na fata na ɗauko juyin ya kai sama, allura ta sauka da zaren sama, ƙoshiya ta cafke shi ta sarƙe da zaren kwarkwaro, haƙoran keke su ja yadin gaba. In ƙafa ta yi kuskure taya ta koma baya, nan take zare zai cukurkuɗe ko ya tsinke. Babu abin da ke ɓoye a jikin keken nan. In bel ya saki, a yanke kaɗan a sake huda shi a maƙala ƙarfensa. In ɗinki na tsalle, a duba allura. In ya yi nauyi, a ɗiga mai. Da lantarki ya zo, teloli da yawa ba su yar da ƙafar ba. Ƙaramin moto suka ɗaura a gefen kan keken, in da wuta a taka shi, in an ɗauke a zare belinsa a mayar da na fata, a ci gaba daga inda allura ta tsaya. Gidan da aka jawo wa famfo mai hankali ba ya cike rijiyarsa, haka telan da ya san garinsu ya yi da kekensa.

Koyon sana'ar ma a kan wannan tsari yake tafiya, kuma a nan ne al'adar ta fi ƙarfi. Yaron da uba ya kai shago ya ce wa maigida, “Ga ɗanka nan, amana,” ba ya taɓa keke a watannin farko. Shara zai yi, da aike, da hura dutsen guga. Wannan na ƙarshen ilimi ne mai zaman kansa: a zuba gawayi, a fifita har ya kama, a rufe, a goge gindin dutsen, a gwada zafinsa a kan tsumma kafin a kusanci yadin mutane, a kuma kula da toka da tartsatsin da ke fita ta kafofin gefe, domin ɗigo ɗaya ya isa ya huda shaddar da kuɗinta ya fi abin da shagon ke samu a mako. Daga nan sai allurar hannu, sa maɓalli da yin gidansa da kama kalmasa. Sannan a zaunar da shi a keke ba zare ba allura, ya yi ta takawa har ƙafarsa ta daina mayar da taya baya. Sai a ba shi takarda ya bi layi, sai tsumma, sai wandon yara. Yanka shi ne ƙarshe, kuma maigida kan daɗe kafin ya miƙa almakashi. Wanda ya bi wannan hanya, ranar da aka ɗauke wuta babu abin da ya rasa sai sauri. Ƙafarsa ta san yadda ake rage gudu a kwanar wuya, yatsansa ya san abin da zai yi in inji ya ƙi.

Hatta zaman shago da rabon yini haske ne ya tsara su. Telan Hausa a bakin ƙofa yake kafa keke, ko a zaure, ko a rumfa, yadda rana za ta faɗo a kan allura. Ƙasar ta taimaka, domin a Kano da kewayenta tsawon yini ba ya sauka ƙasa da awa goma sha ɗaya ko a tsakiyar hunturu. Da safe ake yanka, da rana ake zaɓen zaren da zai dace da yadi, saboda fitilar caji tana yaudarar ido, shuɗi biyu su zama ɗaya da dare, gari ya waye mai kaya ya ga bambanci. Abin da ba ya yiwuwa sai da wuta, kamar surfanin inji da wibin, tara shi ake yi gefe guda. Da an ji yara sun yi ihun an kawo, ko da ƙarfe biyun dare ne, sai a bar komai a hau kansa. A goman ƙarshe na azumi kuwa, lokacin da kowa ke son kayansa kuma alƙawarin tela ya zama abin zolaya a gari, shaguna kan kwana a buɗe daga bayan asham har sahur, da tocila ɗaure a goshi inda a da ake kunna fitilar ƙwai. Akwai kuma telan da ya fi kowa nisa da lantarki, mai yawo da keken hannu a kafaɗa yana kaɗa almakashi don a san ya iso. Ana ganinsa a Legas da Abuja kamar yadda ake ganinsa a Kano, da yawansu ’yan ci-rani ne daga Arewa da Nijar, kuma jarinsa duka abin da kafaɗarsa ta ɗauka ne.

Mai karatu na iya cewa duk wannan yabon wahala ne, kuma wanke gwamnati ne daga laifin da ya kamata a tuhume ta da shi. Tuhumar tana nan daram. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, amma har yanzu ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana raba abin da yawanci ke tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Babu mai hankalin da zai ce wannan daidai ne. Sai dai sanin wanda ya yi laifi ba ya ɗinka kayan Sallah, kuma akwai darasi a cikin abin da rashin wutar ya kashe da abin da ya bari. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida. Dalilan suna da yawa, har da fasa-ƙwaurin yadin waje da tsufan injuna, amma tsadar makamashi da rashin tsayayyar wuta suna sahun gaba a duk lissafin da aka yi. A daidai waɗannan shekaru shagunan teloli ƙaruwa suka yi, har lungun da babu falwayar wuta. Masaƙa tana da hanya ɗaya ta aiki, da aka toshe ta sai ta mutu. Tela yana da biyu ko uku.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, shi ne na sauri da farashi. Keken masana'anta irin su Juki yana iya yin ɗinki wajen 5,000 a minti guda, ƙafar ɗan Adam kuwa ɗaruruwa take yi, kuma tana gajiya. Injin surfani mai kwamfuta yana gama wuyan riga cikin awanni, aikin da zai ci wa mai allura makonni. Saurayin da ke son kaftani gobe, da aiki iri ɗaya da na abokan ango su ashirin, ba zai jira mai aikin hannu ba, kuma ba shi da laifi. Wannan gaskiya ce, kuma duk telan da ke son girma sai ya mallaki irin waɗannan injuna ko ya riƙa kai aiki inda suke. Amma saurin inji sai da wuta, wutar kuma in ba ta layi ba ce ta janareta ce. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Waɗanda ke layin da aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana kuwa, a watan Afrilun 2024 aka ɗaga musu kuɗin yunit daga ƙasa da naira 70 zuwa 225. Telan da duk kekunansa na wuta ne, in layi ya faɗi, ko dai ya rufe ko ya ƙona ribarsa a tankin janareta. Wanda ya bar keken ƙafa biyu a shago yana haɗa jikin riga da wando a kansu kyauta, ya kunna janareta awa ɗaya ko biyu don surfani kaɗai. Lissafin riba ne tsagwaronsa, ko da mutum bai damu da al'ada ba ko kaɗan.

Akwai kuma masu ganin keken ƙafa da allura alamar ci baya ne, abin da ya kamata a ji kunyarsa. A jihar Pensilbaniya ta Amurka, cikin ƙasar da wuta ba ta cika yankewa ba, akwai jama'ar Amish, waɗanda saboda aƙidarsu ba sa jawo wutar layi gidajensu. Matansu suna haɗa ƙyallayen bargo a keken ƙafa, su ɗaure shi a katako, su zauna kewaye da shi suna bin sa da allura, kuma masu saye suna biyan ɗaruruwan daloli daidai saboda hannu ne ya yi. Kwatancen yana da iyaka, domin su zaɓa suka yi, telan Zariya kuwa tilas ce ta same shi. Amma ya nuna cewa daraja ba ta bin soket. Mu ma mun san haka, tunda har yau rigar da ake naɗa sarki da ita, da hular da babban mutum ke alfahari da ita, aikin hannu ne, kuma mai ido yana gane shi daga nesa. Inda abin kunyar yake shi ne rabon kuɗin. Matar da ta yi makonni a kan aljihun riga ita ce ke karɓar mafi ƙanƙanta, dillali da mai shago su kwashe sauran, kuma kulle da rashin sanin kasuwa sun sa ba ta da bakin ciniki. Ga ido da ke raunana da wuri ga mai aikin fari a kan fari, ga baya da gwiwa ga mai taka keke tun safe. Duk wanda ke son aikin hannu ya ɗore, da wannan ya kamata ya fara, da farashi mai adalci da tabarau da fitila mai kyau, kafin ya zo ga waƙar gargajiya.

Sola ta shigo, kuma alheri ce. Sababbin kekunan masana'anta masu moton da ba ya juyawa sai an taka suna cin wuta kaɗan, har faranti da batir masu matsakaicin kuɗi su riƙe su. Shagon da ya iya saye ya saya. Sai dai batir yana da shekarun da yake yi ya mutu, kuɗinsa da dala ake lissafawa, ƙurar hunturu tana rufe faranti, kuma in allon da ke cikin keken zamani ya ƙone, sai an nemo wani daga Legas ko daga waje. Tsohon Butterfly kuwa makanikin bakin kasuwa zai kwance shi ya mayar kafin la'asar. Da tsohuwar zuma ake magani. Haɗarin da ake ciki bai shafi ƙarfen ba, domin kekunan suna nan jibge kuma ana ci gaba da shigo da su. Mutanen ne ke raguwa. Yaro yanzu yakan fara koyo kai-tsaye a kan keken wuta, ya yi wata shida ya buɗe shago, bai taɓa yin gidan maɓalli da hannu ba, kuma in aka zaunar da shi a keken ƙafa taya baya za ta riƙa komawa. Masu zanen riga da ka sun tsufa, almajiran da ke gadonsu sun koma acaɓa da sayar da kati. Makanikan keke su ma ba su cika samun yaran da za su zauna su koya ba. Ilimin da ke cikin ƙafa da yatsa ba a ajiye shi a littafi, in tsara ɗaya ta tsallake shi sai a nema a rasa.

Don haka kira ga masu shaguna da ƙungiyoyin teloli shi ne kada a yaye yaro sai ya iya taka keken ƙafa ya haɗa riga daga farko har ƙarshe, ya iya hura dutsen gawayi, ya iya rufe kalmasa da allura. Cibiyoyin koyar da sana'a da gwamnatocin da ke rabon kekuna ga mata da matasa su raba mai ƙafa wanda za a iya ɗaura wa moto, su haɗa da koyar da gyara, su kuma ɗauki tsofaffin masu zane da masu lifidi su biya su su koyar tun suna da rai. Kai kuma mai kai ɗinki, in ka karɓi rigar aikin hannu, tambayi wanda ya yi aikin da nawa aka ba shi.